Luguden Ayon a kan Siririn Shafen Maganaɗisu: Mece ce Fasahar, kuma Ina Ta Kwana?

Wanda ya ji an ce masana suna yi wa ƙarfe luguden ayon, abu biyu ne ke fara faɗo masa a rai: ko dai aiki ne da ya shafi nukiliya, ko kuma huda ƙarfen ake yi ana sassaƙa shi. Akwai kuma masu bin labaran kimiyya da suka daɗe suna jin cewa wannan fasaha za ta ninka abin da faifan ajiyar kwamfuta ke ɗauka, sai ga shi an haura shekara 25 ba a ga irin wannan faifai a kasuwa ba, har suka ɗauka cika baki ne kawai. Duka fahimtar nan uku suna buƙatar gyara. Abin da fasahar ke yi shi ne sauya wa wasu zaɓaɓɓun wurare na ƙarfe ɗabi'arsu ta maganaɗisu ta hanyar gusar da ƙwayoyin zarra daga mazauninsu, alhali fuskar ƙarfen tana nan sumul yadda take.

Kalmomin da za a ci karo da su

Nanomita ma'aunin tsawo ne, kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashin mutum yakan kai nanomita 50,000 zuwa 100,000, tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin zarra biyu a cikin ƙarfe kuwa ba ta wuce nanomita 0.2 zuwa 0.3 ba. Siririn shafe, a wannan fanni, ƙarfe ne da aka shimfiɗa a kan gilashi ko silikon da kaurin da ya kama daga ƙasa da nanomita ɗaya zuwa 'yan gomomi. Ana yin sa a cikin akwatin ƙarfe da aka zuƙe iskarsa, kuma sau da yawa hawa-hawa ake jera shi, wannan ƙarfe a kan wancan.

Ayon kalmar aro ce. Ƙwayar zarra ce da aka cire mata elektron ɗaya ko fiye, saboda haka ta samu cajin lantarki. Amfanin cajin shi ne yana ba da damar jan ƙwayar da wutar lantarki, a ba ta gudu, a kuma karkata ta inda ake so. Ƙarfin gudun ana auna shi da ma'aunin da ake rubutawa keV: ayon mai caji ɗaya da aka ja da bolt 30,000 yana ɗauke da keV 30. Ayon na iskar hiliyam mai wannan ƙarfi yana tafiyar kusan kilomita 1,200 a daƙiƙa guda. Sakin irin waɗannan ƙwayoyi bila adadin a kan shafen shi ake nufi da lugude.

Maganaɗisu yana cikin yadda aka jera ƙwayoyin

Mutane da yawa suna ɗauka maganaɗisu wata baiwa ce da ƙarfe ke da ita ko ba shi da ita, shi ke nan. Lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. A cikin baƙin ƙarfe da kobalt da nikel, kowace ƙwayar zarra ƙaramin maganaɗisu ce, kuma tana tilasta wa maƙwabtanta su fuskanci alƙiblar da ta fuskanta. Wannan haɗin kai ne ke ba da maganaɗisun da ake gani. Zafi yana wargaza shi: baƙin ƙarfe yana rasa maganaɗisunsa a digiri 770 na ma'aunin Selshiyas, matakin da ake kira zafin Curie, da sunan Pierre Curie na Faransa.

Tun da haɗin kan tsakanin maƙwabta yake, to wace ce maƙwabciyar wace shi ne ke yanke hukunci. A 1954 Louis Néel ya yi hasashen cewa ƙwayoyin da ke bakin fuskar ƙarfe, da yake ba su da maƙwabta ta kowane ɓangare, za su fifita wata alƙibla daban da ta waɗanda ke can ciki. An tabbatar da amfanin wannan a shekarun 1980, lokacin da Peter Carcia da abokan aikinsa a kamfanin DuPont na Amurka suka jera kobalt mai kaurin ƙwaya biyu ko uku tsakanin shafen faladiyam, daga baya kuma filatinam. Maimakon maganaɗisun ya kwanta a kan shafen kamar yadda aka saba, sai ya miƙe tsaye, yana kallon sama ko ƙasa. Abin da ke riƙe shi a tsaye shi ne kaifin iyakar da ke tsakanin ƙarafan biyu: nan kobalt zalla, nan filatinam zalla. Da zarar iyakar ta dagule, riƙon ya sassauta. A kan wannan gaɓa duk fasahar ta ginu.

Matsalar da ta haifi fasahar

Faifan ajiya na farko, wanda IBM ya fitar a 1956 tare da na'urar RAMAC, faifai 50 ne masu faɗin inci 24 kowanne, kuma gaba ɗayansu haruffa miliyan 5 suke ɗauka. Kowane inci murabba'i yana riƙe da kusan ɗigon bayani 2,000. Faifan yau yana riƙe da kusan tiriliyan ɗaya a wannan fili. An cim ma haka ne ta hanyar ƙanƙantar da komai, har da ƙananan tsabar ƙarfen da suka haɗu suka zama shafen, waɗanda yanzu ba su kai nanomita 10 ba. Ɗigo ɗaya na bayani rukuni ne na irin wannan tsaba da aka juya su alƙibla guda.

A nan aka ci karo da tsaka mai wuya. Idan tsabar ta yi ƙanƙanta da yawa, zafin ɗaki kaɗai ya isa ya juya mata alƙibla, bayanin ya goge da kansa. Idan aka zaɓi ƙarfe mai taurin juyawa don a tsare wannan, kan rubutu na na'urar ba zai iya juya shi ba. Idan kuma aka bar tsabar da girmanta aka rage yawanta a kowane ɗigo, karatun ya cika da hayaniya. Kowacce aka gyara, sai ɗaya ta ɓaci.

Wata mafita da aka kawo ita ce a daina dogara da tsabar da ta fito barkatai, a tsara faifan tun daga masana'anta ya zama tsibirai jere, kowane tsibiri ɗigo ɗaya. Lissafi ya nuna cewa don a samu tiriliyan ɗaya a inci murabba'i, sai tazarar tsakiyar tsibiri da na kusa da shi ta zama kusan nanomita 25. Hanyar da aka sani ta yin tsibiran ita ce a cinye ƙarfen da ke tsakaninsu. Amma kan karatu yana shawagi ne 'yan nanomita kaɗan a saman faifan da ke juyawa sau 7,200 a minti. Fuska mai kwari da tudu ba ta yi masa, sai an cike ramukan an sake gogewa, ga tsada, ga gefunan da aka yanka suna saurin lalacewa.

Abin da aka yi a Orsay

A 1998 mujallar Science ta buga aikin wasu masana na Orsay, kudu da birnin Paris, ƙarƙashin Claude Chappert, tare da Harry Bernas da Jacques Ferré da wasu. Sun ɗauki shafen kobalt da filatinam, suka rufe wasu sassansa da abin kariya mai zane, suka sakar masa ayon na hiliyam mai keV 30. Inda ayon ya samu shiga, taurin juyawar maganaɗisun ya ragu, zafin Curie ya sauka, da aka ƙara yawan luguden kuma alƙiblar ta bar tsaye ta kwanta. Inda aka rufe bai canza ba. Da aka cire kariyar aka duba fuskar, ba ta yi kaushi ba.

Bambancin wannan da tsohuwar hanya shi ne bambancin mai sassaƙa ƙwarya da marini. Mai sassaƙa sai ya cire nama kafin zane ya fito. Marini kuwa yakan ɗaure inda ba ya so baba ya taɓa, ya tsoma, ya kwance, zane ya fito alhali ƙyallen bai ragu da zare ɗaya ba.

Dalilin zaɓen hiliyam shi ne rashin nauyinsa. Yana ratsa shafen gaba ɗaya ya je ya tsaya a cikin abin da aka shimfiɗa shafen a kai, a zurfin da ya haura nanomita 100. A kan hanyarsa mafi yawan ƙarfinsa yana tafiya ne wajen gogayya da elektron, jefi-jefi ne yake bangazar wata ƙwayar zarra, ita ma ba ta yin nisa: taki ɗaya ko biyu daga mazauninta. Amma idan aka tuna cewa kobalt ɗin kaurin ƙwaya biyu ko uku ne, taki ɗaya ya isa ya kai ƙwayar kobalt cikin filatinam. Yawan ayon da ake buƙata yakan kai tiriliyan 1,000 zuwa 10,000 a kowane santimita murabba'i. Adadin yana da ban tsoro a ido, amma ƙwayoyin da ke shimfiɗe a fuskar ƙarfe mai wannan faɗi su ma kusan tiriliyan 1,000 ne. Ke nan ayon ɗaya zuwa goma ne ke bi ta kan kowace ƙwaya. Ba a daɗe ba masanan IBM na Almaden a Kalifoniya, cikinsu har da Bruce Terris da Dieter Weller, suka maimaita aikin ta amfani da faranti mai huji-huji da ake ɗorawa a saman shafen.

Ba kullum lugude ke rage maganaɗisu ba

Nan ne fannin ya fi ban sha'awa, kuma nan ne zaton cewa lugude ɓarna ce zalla yake rushewa. Akwai gaurayen baƙin ƙarfe kashi 60 da alminiyam kashi 40. Idan ƙwayoyinsa suna jere bisa tsari, alminiyam yana shiga tsakanin ƙwayoyin baƙin ƙarfen ya raba su, saboda haka a zafin ɗaki gaurayen ba ya kama maganaɗisu. Idan aka yi masa lugude tsarin ya hargitse, ƙwayoyin baƙin ƙarfe da yawa sukan tsinci kansu kusa da juna, sai maganaɗisu mai ƙarfi ya bayyana. Hargitsi ne ya haifar da shi. A 2014 Rantej Bali da abokan aikinsa na cibiyar Helmholtz da ke Rossendorf, kusa da Dresden a Jamus, sun yi amfani da ayon na neyon suka zana layukan maganaɗisu a wannan gauraye, da tazarar kusan nanomita 40 tsakaninsu. Kuma zanen yana gogewa: idan aka gasa shafen, ƙwayoyin sukan koma mazauninsu, maganaɗisun ya ɓace.

Akwai kuma akasin haka. Gaurayen baƙin ƙarfe da filatinam ba ya samun taurinsa na musamman sai ƙwayoyinsa sun jeru sahu-sahu, kuma a al'ada sai an gasa shi da zafin da ya haura digiri 500. Masanan Orsay, cikinsu har da Dafiné Ravelosona, sun nuna cewa idan ana luguden hiliyam a lokacin da ake ɗumama shafen zuwa kusan digiri 300, guraben da ayon ke buɗewa suna ba ƙwayoyin hanyar zagayawa su jeru. Lugude ɗaya, a wani wuri ya hargitsa, a wani ya daidaita.

Hanya ta uku ba ta taɓa ƙarfin maganaɗisun, alƙiblarsa take juyawa. Tun 1956 Meiklejohn da Bean na kamfanin General Electric suka gano cewa wasu abubuwa, waɗanda ƙwayoyinsu ke fuskantar alƙiblu masu kishiyantar juna har maganaɗisunsu ya soke kansa, suna iya ɗaure shafen maganaɗisun da ke manne da su ya riƙa fifita gefe guda. A da, ana saita wannan ɗauri ne ta gasa abin gaba ɗaya a sanyaya shi cikin filin maganaɗisu, don haka ko'ina alƙibla ɗaya ce. Masana a jami'ar Kaiserslautern, daga baya kuma rukunin Arno Ehresmann a Kassel, sun nuna cewa luguden hiliyam a gaban filin maganaɗisu yana sake saita ɗaurin a wurin da ayon ya sauka kaɗai. Da haka ake samun layi yana kallon gabas, na kusa da shi yana kallon yamma, a kan shafe ɗaya.

Sai ta huɗu, wadda ta fi sauƙin fahimta: a harba ayon mai nauyi kamar kuromiyam ko galiyam da ƙarfin da zai sa ya tsaya a cikin shafen, ya gauraya da shi ya dusashe maganaɗisunsa. Wannan 'yar'uwar dabarar da masana'antun silikon ke amfani da ita ce tun shekarun 1970 wajen dasa boron da fosfaras.

Kariya ko tsinin ayon

Hanyoyin fitar da zanen biyu ne. Ko a rufe shafen da kariya a yi wa duk fuskar lugude lokaci guda, ko a tattara ayon su zama tsini ɗaya a riƙa yawo da shi ana rubutu. Na'urorin tsini da suka fi yawa na galiyam ne, wanda ya fi hiliyam nauyi kusan sau 17. Saboda nauyin, yana tsayawa a cikin nanomita 10 zuwa 30 na farko, yana tayar da ƙwayoyi da yawa a kowane karo, yana kuma fisge wasu daga fuskar. Shi ya sa ake amfani da shi wajen yanka, kuma daga nan ne zaton cewa duk aikin sassaƙa ne ya samo asali. Idan sauya maganaɗisu kawai ake so, kaɗan ake sakarwa, ƙasa da na hiliyam da ninki ɗaruruwa. A 2007 kamfanin Zeiss ya fara sayar da na'urar Orion mai tsinin hiliyam da bai kai nanomita ɗaya ba.

Tsini yana da 'yanci, amma ba shi da sauri. Faifai guda mai ɗaukar terabayit 3 yana da ɗigo tiriliyan 24. Ko da tsinin yana zana miliyan ɗaya a daƙiƙa, sai ya shafe kusan wata tara a kan faifai ɗaya. Don haka tsini na ɗakin bincike ne, masana'anta sai kariya.

Batun nukiliya

Ayon na keV 10 ko 30 ba ya iya kaiwa ga cibiyar ƙwayar kobalt ko filatinam, domin cajin cibiyar yana ture shi tun daga nesa. Ana buƙatar ƙarfin miliyoyin bolt kafin a fara maganar sauya cibiya. Ƙwayoyin alfa da yuraniyam ke fitarwa su ma cibiyar hiliyam ce, amma ƙarfinsu ya ninka wannan fiye da sau ɗari. Shafen da aka yi wa lugude ba ya fitar da wani tururi mai cutarwa bayan an gama. Haɗarin da ke akwai na masu aiki da na'urar ne, wato babbar wutar lantarki da hasken eksire da kan iya fita lokacin da take aiki, kuma ana killace su.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Masu goyon bayan fasahar suna kafa hujja da fuskar da ba ta lalace ba, da rashin buƙatar cike rami, da kuma cewa ana iya sauya ɗabi'ar a hankali, mataki-mataki, ta ƙara ko rage yawan ayon. Sassaƙa ba ta san wannan ba: ko akwai ƙarfe ko babu.

Masu suka suna da hujja biyu masu nauyi. Ta farko, ayon ba ya tafiya a miƙe. Kowane karo yana karkatar da shi, ƙwayoyin da ya bangaza su ma suna fantsama gefe, har ƙarƙashin kariyar. Ana iya lissafa wannan fantsama da manhajar SRIM ta James Ziegler da Jochen Biersack, amma lissafi ba ya hana ta. Komai kaifin tsinin, iyakar zanen takan dushe da nanomita da yawa. A zane mai faɗin nanomita 500 wannan ba komai ba ne. A tsibirin da bai kai nanomita 15 ba, dushewar ta cinye rabinsa.

Ta biyu ta fi zurfi. Tsibiran da aka yanka sun rabu da gaske, babu ƙarfe tsakaninsu. A shafen da aka yi wa lugude kuwa ƙarfen yana nan, kuma idan da sauran maganaɗisu a cikinsa, zai riƙa isar da tasirin wannan tsibiri ga wancan, juya ɗaya ya ja na kusa da shi. Idan aka ƙara lugude don a kashe tsakanin gaba ɗaya, fantsamar ta ƙaru ta shiga tsibiran. Akwai kuma matsalar hiliyam da ke taruwa a ƙasa: idan ya yi yawa yakan zama kumfa ya kumbura fuskar da ake taƙama da santsinta.

A ganin mai wannan sharhi, masu suka sun yi gaskiya a kan faifan ajiya, amma ba luguden ne kaɗai ya faɗi ba. Duk tsarin tsibiran ne bai shiga kasuwa ba, na yanka da na lugude, saboda buga zane mai ƙanƙantar haka a kan miliyoyin faifai, ba tare da kuskure ba kuma da araha, ya gagara. Masana'antun sun bi wasu hanyoyi: rubutu a tsaye daga 2005, sannan jera layuka suna hawa kan juna, sannan ɗumama wurin rubutu da hasken leza na ɗan lokaci don ƙarfe mai tauri ya yi laushin juyawa. Da wannan ta ƙarshe Seagate ya fitar da na'urorin faifai masu terabayit 30 a 2024, kuma shafensu gaurayen baƙin ƙarfe da filatinam ne. Kamfanin ya daɗe yana ambaton haɗa ɗumamawar da tsibirai a matsayin mataki na gaba, don haka ba a rufe babin ba.

Inda ta samu gindin zama

Abin da ya zama aibi a faifai, wato ci gaban ƙarfen ba tare da yankewa ba, shi ne ake nema a wasu na'urori. A cikin siririn zaren maganaɗisu akwai iyakoki tsakanin yankin da ke kallon sama da mai kallon ƙasa, kuma ana iya tura su da wutar lantarki. Stuart Parkin, yana IBM a lokacin, ya ba da shawarar ajiye bayani a jerin irin waɗannan iyakoki masu tafiya. Matsalar ita ce tsayar da su a inda ake so. A 2012 masana a jami'ar fasaha ta Eindhoven a Holan sun yi amfani da tsinin galiyam suka sassauta zaren hawa-hawa, ta yadda iyakar ke iya gaba amma ba ta iya komawa. A 2021 masanan Spintec na Grenoble sun zana hanyoyi da hiliyam, suka sa wasu ƙananan ƙulle-ƙullen maganaɗisu da ake kira sikamiyon suka bi su ba tare da kaucewa ba. Wannan aiki dushewar iyaka ba ta damunsa, wani lokaci ma ita ake so.

Rukunin Kassel ya kai layukansa masu kishiyantar alƙibla fannin gwajin lafiya. A saman irin wannan shafe, ƙananan ƙwallayen maganaɗisu da ke cikin ruwa sukan taru a kan iyakokin layukan, kuma da ɗan ƙaramin filin maganaɗisu daga waje ana iya tafiyar da su taki-taki. Idan aka manna musu sinadarin da ke kama wata alamar cuta, sai su zama masu ɗauko ta daga ɗigon jini zuwa wurin aunawa. Har yanzu wannan yana matakin bincike.

Mafi kusa da masana'anta shi ne luguden da ba ya zana komai. Ma'ajiyar kwamfuta ta maganaɗisu da ake kira MRAM, wadda ba ta mantuwa idan an ɗauke wuta, ta dogara da iyakar da ke tsakanin wasu shafe masu kaurin nanomita ɗaya ko biyu. Ravelosona ya kafa kamfanin Spin-Ion Technologies a Faransa don amfani da hiliyam wajen gyara irin waɗannan iyakoki bayan an gama shimfiɗa su. Ko masu ƙera na'urori za su karɓi ƙarin mataki a layin aikinsu, wannan ya rataya ne a kan ko ribar da ake samu ta fi kuɗin na'urar da lokacin da za ta ci a kan kowane faranti na silikon.